Bakin Teku Ba Na Mashaya Ba Ne Kaɗai

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin iyayenmu na Aboabo, wai bakin teku ba wurin ɗan Musulmi ba ne. Da zarar yaro ya ce makarantarsu za ta kai su Cape Coast, ko matasan unguwa suka fara haɗa kuɗin mota don yawon sallah, sai ka ji dattijo ya ce, "Me za ku je yi a can? Ai giya ce da tsiraici."

Maganar ba ta rasa tushe ba. Wanda ya ga Labadi a Ankara ranar hutu, ko gaɓar tafkin Bosomtwe da ke nan kusa da mu, ya san kiɗa da kwalabe da shigar da ba za ka so 'yarka ta gani ba. A ƙasashen Turawa ma haɗa abin ake yi da gangan: mutum ya yi wankan teku da safe, da yamma ya wuce gonar inabi ya ɗanɗani giya, kamar yadda ake yi a yankin Bordeaux na Faransa, ko a Groot Constantia ta Afirka ta Kudu da aka kafa tun 1685. Wannan ba namu ba ne, kuma ba shi nake karewa ba.

Amma Baba, a yi mini haƙuri, an ɗauki kusurwa ɗaya an yi wa gida duka hukunci. Gaɓar tekun Gana ta haura kilomita 500. Wuraren sheƙe aya ba su kai su cinye ta ba. Mafi yawanta wurin neman halal ne, na masunta da masu bandar kifi da masu haƙar gishiri. Kuma a dabarar Turawan nan akwai abin ɗauka idan aka zubar da giyar: idan ka je hutu, kada ka tsaya kallon ruwa kawai, ka je ka ga yadda mutanen wurin ke sarrafa abin da ƙasarsu ta ba su.

A je Elmina da sassafe, a tsaya kan gadar da ke bakin kogin Benya. Kwale-kwale ne jere, kowane da fentinsa da tutarsa, an sassaƙa gindinsa daga kututturen bishiyar wawa da aka saro a dazuzzukan cikin ƙasa. Mata na shiga ruwa har gwiwa da manyan kwanoni suna tarar kifi, ana ciniki da Fante cikin ɗaga murya. A bi su lungu a ga murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙira a 1969: ɗakin laka ne gajere, a kansa an ɗora faifan katako masu ragar waya, ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi na ratsa su duka da itace kaɗan. Irin wannan bandar ce ke cika kasuwar Asafo da Kejetia, ita ce ake dakawa cikin shito a zuba kan waakye. Yaron Aboabo ya ci ta tun yana goye, bai taɓa ganin hannun da ya yi ta ba. Dogon hutun makaranta na watan Agusta ya dace da lokacin da kifi ke yawa, daga Yuli zuwa Satumba. Sai dai a kiyayi Talata, don ranar masunta ba sa fita. Mai son ganin gishiri kuwa ya bari sai rani, lokacin da yake daskarewa fari fat a fadamun Benya da na Songor a Ada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihin da muke bari a can saboda tsoron kwalba. Hanyar Kumasi zuwa Cape Coast ta bi ta Assin Manso, inda ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a miƙa su ga jiragen ruwa. Sansanin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482 kuma Holan ta ƙwace a 1637, nan aka tsare Asantehene Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Sojojin Hausawa da Turawan Ingila suka kawo daga Legas wajejen 1873 ta wannan gaɓa suka sauka, kuma suna cikin waɗanda suka assasa zangunan kudu. Ba duka labarin ne mai daɗin ji ba, domin kasuwanni irin su Salaga, inda kakanninmu suka yi fataucin goro, an yi cinikin mutane a cikinsu. Baƙaƙen fata na tasowa daga Amurka da Jamaika su tsaya cikin kurkukun sansanin Elmina mai ɗoyi suna hawaye, mu da ke tafiyar rabin yini ba mu kai yaranmu ba.

Ta fuskar addini ma, malamanmu sun fi ni sani. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu akwai hadisin da ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin abin da ke cikinsa. Cape Coast da Elmina suna da zangunansu da masallatansu, ba a rasa inda za a yi Azahar ko a ci tuwo.

Tsoro ɗaya ne na iyaye da nake sa hannu a kai ba gardama: ruwan. Tekunmu yana da igiyar da ke fizgar ƙafa ta ja mutum ciki, kuma yawancin yaran Zango ba su iya iyo ba. Amma hanawa ba ta magance wannan, don wanda aka hana shi ke sulalewa da abokai ba babba ko ɗaya. Gara makarantar Islamiyya ko kwamitin masallaci su ɗauki mota, a zaɓi ranar da ba ta biki ba, iyaye mata su tafi da abincinsu, a kafa doka cewa ba mai wuce idon sawu. Shi kuma dattijon da ke cewa kada a je, shi ya kamata a fara ba kujerar gaba, don ya fi kowa sanin sunayen garuruwan da fatake suka bi, kuma yara za su tambaye shi.