Kafin Jirgi Ya Bar Ƙasa

Da safiyar 11 ga Yulin 1991, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ya nufo Sakkwato, cike da alhazan da suka sauke farali. Na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an ɗauko shi haya yana yi wa Nigeria Airways jigila. Tun yana gudu a kan titin tashi tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa ma'ajiyarsu, gobarar ta samu hanyar shiga ciki. Sun juyo za su sauka, ba su kai ba. Mutum 261 ke cikinsa, babu wanda ya fita da rai. Allah Ya jiƙansu.

Abin da bincike ya tono ya fi hatsarin ɗaci. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun auna sun ga iskar wasu tayoyi ta gaza ƙa'ida, sai aka sauya lambobin da ke takardar dubawa. A safiyar ma an nemi iskar naitirojin da ake ɗura wa tayar jirgi, ba a same ta nan take ba, kuma gudun kada a makara aka sallami jirgin. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan sakaci ne, kuma saboda irinsa aka rubuta dokokin duba jirgi.

Tushen dokokin yana yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO. Kowace ƙasa tana ɗora nata a kai: a Nijeriya NCAA ke da wannan aiki, a Nijar ANAC, a Amurka FAA. Babu jirgin da zai tashi sai da takardar shaidar cewa lafiyarsa ƙalau, kuma takardar ba ta da amfani idan an tsallake jadawalin dubawa. A Amurka, alal misali, ƙaramin jirgi sai an duba shi tsaf duk wata 12, idan kuma ana ɗaukar fasinja da shi don kuɗi, duk awa 100 na tashi. Na'urar da ke sanar da hasumiya inda jirgi yake ana gwada ta duk wata 24. Manyan jiragen fasinja suna da matakai. Na A ana iya gama shi a dare ɗaya. Na C yakan zo bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya kwantar da jirgi makonni. Na D kuwa, wanda ke zuwa bayan shekara shida zuwa goma, kusan kwance jirgin ake yi gaba ɗaya: kujeru, bango, ƙasan da ake takawa, wani lokaci har fenti. Kamfanonin Nijeriya sukan kai jiragensu waje domin manyan matakan, su biya da dala, abin da ke ƙara wa tikiti tsada.

Ba shekaru da awoyi kaɗai ake ƙirgawa ba, har da yawan tashi da sauka. Duk sanda jirgi ya hau sama, iskar da ake matsawa a ciki domin mutane su yi numfashi tana ɗan kumbura jikinsa, idan ya sauko ya koma. Ƙarfen da ake ta lanƙwasawa haka yana gajiya. A watan Afrilun 1988, wani Boeing 737 na kamfanin Aloha da ke gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibiran Hawaii, wanda ya yi tashi da sauka kusan 90,000, rufinsa ya yaye yana ƙafa 24,000 a sama. Ma'aikaciya ɗaya iska ta fizge ta, sauran suka tsira bayan matuƙan sun sauke shi a tsibirin Maui. Daga baya wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsaga a jikin jirgin lokacin da take shiga, ba ta faɗa wa kowa ba.

Sai maganar kayan da dole jirgi ya ɗauka. Ko ƙaramin jirgi ne da rana tsaka, sai da ma'aunin gudu, ma'aunin tsayi, kamfas, ma'aunin man fetur da na man inji, da bel ɗin kujera. Da dare ana ƙara fitilu, cikin gajimare ko hazon hunturu kuma ana ƙara na'urorin da ke nuna wa matuƙi ko jirginsa a miƙe yake ko a karkace.

A nan ne mutane kan yi mamaki: doka ta yarda jirgi ya tashi da wani abu a lalace. Kowane kamfani yana da kundi da hukuma ta amince da shi, ana ce masa MEL, wanda ya fayyace abin da za a iya tafiya ba shi, da sharaɗin yin hakan, da wa'adin gyara: wani kwana 3, wani 10, wani 120. Ana rubuta matsalar a littafin jirgi, a liƙa alama a wurin. Abin da bai shiga kundin ba kuma ya shafi lafiyar tashi, babu lallami a kansa. Ni a ganina wannan tsari ya fi a ce komai sai ya cika, domin dokar da ba za a iya bi ba ita ke koya wa mutane ƙarya a takarda.

Bayan injiniya mai lasisi ya sa hannu, magana ta ƙarshe tana bakin matuƙi. Shi ya sa za ka hango ɗayansu sanye da riga mai ƙyalli yana zagaya jirgi, yana leƙa tayoyi da birki da bakin inji, yana neman yoyon mai. Ba yawon miƙe ƙafa yake ba. A watan Oktoban 1996, masu goge wani Boeing 757 na Aeroperú suka rufe 'yan ƙananan ƙofofin da ke auna iska da salatif, aka manta ba a cire ba, mai zagayen dare kuma bai lura ba. Jirgin ya tashi daga Lima, ma'aunan gudu da tsayi suka riƙa ba da lambobin ƙarya, ya faɗa tekun Pasifik da mutum 70.

Don haka idan kana zaune a filin jirgin Malam Aminu Kano aka sanar da jinkiri saboda matsalar na'ura, akwai yiwuwar an buɗe kundin ne aka ga abin da ya lalace ba ya cikin waɗanda ake ɗaga wa ƙafa, ko wa'adinsa ya cika. Sai an kawo kayan gyara, wataƙila daga Legas, an ɗaura, an gwada, injiniya ya sa hannu, matuƙi ya karanta ya amsa. Haƙƙinka ne ka nemi bayani da kulawa daga kamfanin, ka kai ƙara NCAA idan an yi maka riƙon sakainar kashi. Amma kada ka shiga sahun masu yi wa ma'aikata ihu cewa lallai sai an tashi yanzu.