Girgizar Dogayen Gine-gine da Wurin Dasa Na'urar Jin Motsi

Duk abin da yake dogo kuma siriri, kamar gada ko hasumiyar sadarwa ko bene mai hawa da yawa, yakan yi lilo idan iska ko takun mutane ya taɓa shi. In turin ya yi daidai da lokacin lilon, sai girgizar ta yi ta ƙaruwa. Abin da ya sami Gadar Millennium ta Landan ke nan, wadda aka buɗe ran 10 ga Yuni, 2000, aka kuma rufe bayan kwana biyu saboda tangaɗi.

Ana iya fahimtar wata dabarar magance wannan matsala ta duban ɗan garuwa a 'Yargoje ko Ƙanƙara. Sandar da ya rataya garwa biyu tana lanƙwasa tana miƙewa, kafaɗarsa tana jin motsin, shi kuwa sai ya sauya taku don kada ruwa ya zube. Haka injiniyoyi kan yi: na'ura ɗaya ta ji motsi, kwamfuta ta lissafa, wata na'urar ta tura ginin ta fuskar da za ta kashe lilon. Kamfanin Kajima ya fara aiki da wannan tsari a benen Kyobashi Seiwa na birnin Tokyo a 1989.

Sai dai nasarar tsarin ta dogara ga inda aka dasa na'urar jin motsin, domin girgiza salo-salo ce, kamar ta tsirkiyar garaya. A salo na farko tsakiyar gada ce ta fi motsi. A salo na biyu kuwa, rabi ɗaya yana hawa, ɗayan yana sauka, tsakiyar tana tsaye cik. Na'urar da aka dasa a tsakiya kurma ce ga wannan salo, kuma abin da ba a ji ba, ba a gyara shi.

Haɗari na biyu shi ne raba mai ji da mai turi. Idan suna nesa da juna, akwai salon da wuraren biyu za su yi motsi a saɓe, sai turin ya ƙara girgizar maimakon ya rage ta. Saboda haka masana suka fi son a haɗa su a wuri guda, kamar yadda kafaɗar ɗan garuwa take ji take kuma gyarawa. Kafin a dasa komai, wajibi ne a auna salon lilon ginin, a san inda yake motsi da inda yake shiru.