Shin da Gaske Babu Al'umma? Maganar Thatcher da Ta Ƙi Mutuwa

A shekarar 1987 wata mujallar mata ta Birtaniya mai suna Woman's Own ta yi hira da Firayim Minista Margaret Thatcher. Tana cikin kokawa da masu jiran gwamnati ta ba su gida ko tallafi, sai ta ce suna ɗora laifi a kan al'umma, alhali babu wani abu mai suna al'umma. A cewarta, ɗaiɗaikun maza da mata ne kawai, sai iyalai. Tun daga ranar maganar ta bi ta har kabari.

Masu adawa da ita sun fassara zancen da cewa kowa tasa ta fishshe shi. Suna da hujja, domin ayyukanta sun yi kama da furucinta. Dokar gidaje ta 1980 ta bai wa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saye su mallaka. An sayar da kamfanin tarho na British Telecom a 1984, na iskar gas a 1986. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya ƙare ba tare da ƙungiyarsu ta samu biyan buƙata ba.

Amma wanda ya karanta hirar zai ga ba ta ce a yi watsi da maƙwabci ba. Ta ce mutum ya fara kula da kansa, sannan ya taimaki na kusa da shi. Rigimarta da gwamnati ce, wadda take ganin tana fakewa da sunan al'umma tana karɓar haraji.

To, musanta samuwar al'umma yana ƙarfafa masu fifita mutum ɗaya ne, ko masu fifita jama'a? Gardamar ta girmi Thatcher. Masanin tattalin arziki Friedrich Hayek, wanda take girmamawa ƙwarai, yana ganin mutane ne ke yanke shawara, kuma duk mai magana da yawun jama'a baki ɗaya abin tsoro ne. Shi kuwa Emile Durkheim na Faransa, a bincikensa na 1897 kan kisan kai, ya nuna adadin masu kashe kansu yana bambanta tsakanin mabiya Katolika da Furotesta, da tsakanin masu aure da gwagware. Wato akwai wani abu sama da mutum ɗaya da ke tasiri a kansa. Abin mamaki, Ernesto Laclau, ɗan Ajantina mai ra'ayin gurguzu, shi ma ya yi rubutu cewa al'umma dunƙulalliya ba ta yiwuwa, amma ya yi amfani da hakan wajen kiran talakawa su haɗa kai. Magana guda, alƙibla biyu.

Dubi takardar fam da ke aljihun ɗan kasuwar Landan. Takarda ce kawai; abin da ya ba ta daraja shi ne miliyoyin mutane sun yarda su karɓe ta. Gidan da mai haya ya saya ma, kotu da 'yan sanda ne ke tabbatar masa da mallakarsa. Ashe kasuwar da Thatcher ta riƙa karewa ita ma a kan yardar jama'a take tsaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jam'iyyarta ta Conservative ma ta janye jiki daga baya. David Cameron, wanda ya shugabanci jam'iyyar, ya ce akwai al'umma, sai dai ita daban, gwamnati daban. A Maris na 2020, Firayim Minista Boris Johnson yana killace da cutar korona, ya ce annobar ta tabbatar lallai akwai al'umma.

Saboda haka cewa babu al'umma bai yanke wa kowane ɓangare hukunci ba. Idan ɗan siyasa ya faɗe ta, mai karatu ya tambaye shi abu ɗaya: kayan da yake son saukewa, a kan wa za su faɗa?