Idan coci ya zama kango a tsakiyar unguwa, wa ke da ta cewa?

A garuruwa irin Tambuwal da Kebbe, coci yakan cika ya kuma ragu gwargwadon takardun canjin wurin aiki. Galibin masu zuwa baƙi ne: ɗan sanda, ma'aikaciyar asibiti, masu yi wa ƙasa hidima, mai kantin magani, mai sayar da kayan gyaran babur. A ɗauke wasu, rashin tsaro ya kori wasu, sai a wayi gari ƙofa da kwaɗo, awaki na shan inuwar katanga. Ba coci kaɗai hakan ke samu ba. Akwai tsohon sito, akwai ajin firamaren da aka bari, akwai masallacin ƙauyen da 'yan bindiga suka tashi mutanensa.

Kango a tsakiyar gari ba ya daɗewa bai samu mai so ba. Dillali zai zo da wani mai kuɗi da ke son wurin don makarantar kuɗi, ko ajiyar shinkafa, ko injin casa. Daga nan ake shiga tambayar da ba kowa ke yinta a kan lokaci ba: shin wanda ya saya yana da ikon mayar da ginin duk abin da ya ga dama?

A dokance, ba shi da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashinsa kai tsaye, saura kuma yana hannun ƙaramar hukuma, wadda ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Ke nan abu na farko da mai saye a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi zai bincika shi ne ɓangaren da filin ya faɗa, domin shi zai nuna masa ko sakatariyar ƙaramar hukuma zai nufa ko kuwa sai ya kama hanyar Sakkwato. Takardar shaidar mallaka kuma tana ɗauke da manufar da aka ba da filin dominta: zama, kasuwanci, masana'anta, ibada. Sauya wannan manufa sai da izini, sayar da filin ma sai da amincewar hukuma. Dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki babban sauyin amfani da wuri tamkar sabon gini, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Don haka maganar Tambuwal a Sakkwato take ƙarewa, a hukumar tsara birane ta jiha, ba a Abuja ba.

Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, cinikin gida a ƙaramin gari yakan ƙare ne a zaure: mai saye, mai sayarwa, shaidu, sa hannun mai unguwa da hatimin hakimi, a ba dillali la'adarsa a watse. Ba wanda ya tambayi me za a yi da wurin.

Amma maƙwabci shi zai kwana da amsar. Ginin ibada irin wannan yana raye ne ranar Lahadi da wasu 'yan yammaci, sauran mako shiru. A mayar da shi injin casa a ga bambanci. Tun da asuba janareto ya tashi. Ƙaiƙayi na sauka a kan shanyar matan gidan da ke jikin katanga, har cikin randa idan an manta murfi. Babbar mota ta shigo lungun da aka yi don jaki da amalanke, ta taka bakin kwata ta rufta, ruwan wanke-wanke ya kwanta a ƙofar gidan mutane. Yaran da ke zaman allo a wannan kwana sai malam ya nema musu wani wuri. Ba a karya dokar da mai unguwa ya sani ba, amma unguwar ta zama wata daban. A mayar da ginin makarantar yara kuwa, abin da zai ƙaru hayaniyar safe ce da 'yan tallan awara. Wannan tazarar tsakanin wani amfani da wani ita ce dalilin da ya sa aka ƙirƙiro dokar raba gari shiyya-shiyya tun farko.

A Amurka abin ya kafu ne bayan hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1926 a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid, wanda ya halatta wa hukumar gari ta ware shiyyar zama daban da ta masana'anta. Yawancin garuruwansu suna barin coci a cikin shiyyar zama, amma ba sa barin kanti ko benen haya. Shi ya sa idan coci ya rufe, wanda ya saya sai ya nemi a sauya wa filin matsayi. A kafa allon sanarwa a ƙofar ginin, a aika wa maƙwabta wasiƙa, a sa ranar zama, kowa ya zo ya faɗi damuwarsa: wurin ajiye mota, ƙara, tsawon bene. Tsarin yana da jan ƙafa, wani lokaci ma masu hali kan yi amfani da shi su hana talaka matsowa kusa da su. Sai dai yana da abu guda mai kyau: ana jin maƙwabci kafin a zuba siminti.

Kafin a kai ga hukuma ma, masu ginin suna da tasu ƙa'idar. Yawancin coci-coci a Najeriya rajistar amintattu suke da ita, don haka fasto ko wani dattijo shi kaɗai ba ya da ikon sayarwa, kuma idan ƙungiyar ta rushe, dukiyarta wata ƙungiya mai irin manufarta take komawa, ba aljihun mambobi ba. A ɗarikar Katolika, bishop ne kaɗai zai fitar da gini daga matsayin wurin ibada, bayan ya shawarci majalisar limamansa, da sharaɗin ba za a yi abin ƙazanta a ciki ba. Ga kudancin Sakkwato, wannan magana teburin Bishop Matthew Hassan Kukah za ta je. Mai sayen da ya biya kuɗi a hannun mai gadi ko tsohon ma'aji, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Malaman Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ba baƙin wannan muhawara ba ne, sai dai su a kan masallaci suka karanta ta. Mazhabar Malikiyya ta tsaya a kan cewa masallaci waƙafi ne, ba a sayar da shi ko da unguwar ta watse. A Hanafiyya, Abu Yusuf yana kan haka, Muhammad al-Shaibani kuwa ya ce idan an daina salla a ciki yana komawa ga wanda ya bayar ko magadansa. Hanbalawa sun yarda a sayar a gina wani a inda ake bukata, suna kafa hujja da umarnin Sayyidina Umar na a matsar da masallacin Kufa bayan an fasa baitulmali, tsohon wurin ya zama kasuwar masu dabino. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma irin wannan tambaya za ta ƙara zuwa gabanta muddin ƙauyuka na ci gaba da tashi.

Sauya wa gini aiki ba sabon abu ba ne a Arewa. Amanawa, kusa da Sakkwato, wurin jinyar kutare ne da 'yan mishan na SIM suka riƙe tun zamanin Turawa. Yau asibitin gwamnati ne na cututtuka masu yaɗuwa, har an killace masu korona a can a 2020. Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta zama Kufena bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. A Landan ma akwai wani gini a titin Brick Lane da aka gina a 1743 a matsayin coci, ya zama wurin ibadar Yahudawa, tun 1976 kuma masallacin Juma'a ne. Duk waɗannan sun zauna lafiya, kuma ba abin mamaki ba ne: asibiti ya ci gaba da zama asibiti, makaranta makaranta, wurin ibada wurin ibada. Unguwa ba ta ji sauyi sosai a jikinta ba.

Inda ake samun matsala shi ne idan aka tsallaka daga ibada zuwa kasuwa ba tare da jama'a sun gamsu ba. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje an yanka shaguna a filin idin Ƙofar Mata da ke Kano, 'yan kasuwa suka biya, suka karɓi takardu, suka zuba kaya. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, a watan Yunin 2023, katafila ta bi ta kansu. Masu shagunan suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3, daga asusun jihar.