Jane Eyre: A Bi Sawun Kuɗi

Lokacin da Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre a 1847, ta fake da sunan Currer Bell, gudun kada masu sharhi su raina littafin don mace ce ta rubuta. Har yau ɗalibai da yawa labarin soyayya suke ɗaukar sa: marainiya ta sha wuya a gidan matar kawunta da makarantar Lowood, ta samu aikin koyar da yarinya a gidan Thornfield, ta faɗa son maigidan, Rochester. Masu nazari ta fuskar 'yancin mata kuwa wata tambayar suke yi: wa ke riƙe da dukiya, wa aka bari ya yi magana?

Albashin Jane fam 30 ne a shekara. Bertha Mason, matar da Rochester ya kulle a saman bene yana ɓoye ta, ta zo daga Jamaika da fam 30,000. Sai Jane ta yi aikin shekara dubu kafin ta tara wannan. Amma ko sisi Bertha ba ta da iko da shi, domin a dokar Ingila ta wancan zamani, da an ɗaura aure dukiyar mace ta koma hannun miji. Sai dokokin 1870 da 1882 ne suka sauya haka. Mahaifin Rochester ma don kuɗin ya ƙulla auren. Da dukiyarta ake ciyar da gidan da aka tsare ta.

Da wannan ido za a fahimci taurin kan Jane. Ranar ɗaurin aurenta da Rochester asiri ya tonu, ya roƙe ta su gudu kudancin Faransa su zauna ba aure. Ta ƙi, ta fice, har ta kai ga roƙon abinci. Ta kuma ƙi St John Rivers, wanda ya so aurenta don kawai ya samu mataimakiya a aikin mishan a Indiya. Ba ta koma ga Rochester ba sai da ta gaji fam 20,000 daga baffanta na tsibirin Madeira, ta raba da 'yan uwanta uku, ta riƙe 5,000. Ta tarar da shi ya makance, hannu ɗaya ya gutsire. A ganina Brontë ba ta ɓoye komai ba a nan: sai da aka ɗaga mace da gādo, aka kuma karya namiji, sannan suka yi kafaɗa da kafaɗa.

To ita Bertha fa? A 1979 Sandra Gilbert da Susan Gubar suka rubuta The Madwoman in the Attic, suka ce Bertha ita ce fushin da Jane take haɗiyewa. Jane tana ɗari-ɗari da auren, Bertha ta yayyaga mayafin amarci. Jane tana jin Thornfield ya zame mata kurkuku, Bertha ta banka masa wuta. Fassarar tana da armashi, ɗalibai kuma suna son ta don sauƙin kawo hujja.

Sai dai Gayatri Spivak, masaniya 'yar Indiya, ta tayar da ƙura a 1985. Hujjarta ita ce, 'yancin Baturiyar Ingila ya samu ne a kan gawar mace daga ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka. Na fi karkata ga wannan. Bertha mutum ce, ba inuwar wata ba, amma Brontë ba ta ba ta damar faɗin labarinta ba; dariyarta da gurnaninta kawai muke ji, tarihinta kuma daga bakin mijin da ya kulle ta ya fito. Ta faɗo daga rufin gida ta mutu, hanyar aure ta buɗe wa Jane. Hatta gādon Jane bai tsira daga wannan zargi ba, don baffan yana hulɗar kasuwanci da gidan Mason, dangin Bertha.

Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ita ta cike wannan giɓi a 1966 da Wide Sargasso Sea. A can matar sunanta Antoinette, ita ke buɗe labarin da bakinta, kuma mijin ne ya liƙa mata sunan Bertha ba da yardarta ba.