Me Ya Sa Jirginka Ke Makara a Sakkwato Lokacin Hazo?

Ka taso daga Lafani da asuba, ka bi titin Illela zuwa Sakkwato don kama jirgin Abuja. Kana isa Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III sai saƙo ya shigo wayarka: an ɗage tashi saboda hazo. Laifin wa ne? Amsar tana cikin abubuwa biyu: dokar gwamnati, da saurin da hukumomi ke yi wajen shawo kan matsala.

Wa ke yin me?

Hukumar FAAN ce ke tafiyar da filin. NAMA ke kula da zirga-zirgar jirage a sama, NiMet kuma ke ba da rahoton yanayi. NCAA ce mai sa ido a kan harkar, bisa dokar sufurin jiragen sama ta 2022.

Doka ta ƙayyade nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin ya sauka. Idan ƙurar hunturu ta rage wannan nisan, jirgi ba zai sauka ba, komai gaggawarka. Ranka ake karewa. Na'urar ILS, wadda ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka da siginar rediyo, tana rage matsalar, amma sai an samu wuta a tsaye, ana kuma gwada ta a kai a kai.

Inda saurin hukuma ke shigowa

Doka ba ta hana hazo. Abin da ke bambanta fili da fili shi ne yadda ake tunkarar lamarin: an sanar da fasinja da wuri? An sake tsara lokacin tashi?

A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na makonni shida don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, ana kai fasinjoji Abuja ta mota da jirgin ƙasa. An sake buɗe filin kwana ɗaya kafin wa'adi. Ƙa'idar lafiyar jirage ce ta tilasta gyaran, shiri da haɗin kai kuma suka hana harka tsayawa.

Batun ɗorewa

Fitilun titin sauka da na'urori suna cin wuta, dizal kuma tsada gare shi. Tun 2015 filin jirgin Cochin na Indiya ya koma amfani da hasken rana gaba ɗaya. Sakkwato ba ta rasa rana ba, kuma duk kuɗin da aka rage a dizal zai iya tafiya wajen gyaran na'urori.

Abin da za ka yi da wayarka

Kafin ka baro Illela, duba manhajar kamfanin jirgin, sannan ka leƙa Flightradar24 ka ga ko jirgin da zai ɗauke ka ya taso. Ka adana tikitinka da saƙonnin jinkiri. Ƙa'idojin NCAA sun ba ka damar neman kuɗinka idan an soke tafiya, kuma kana iya kai ƙorafi ta intanet.