Tarbar Ruwan Sama da Juya Ruwan Aiki a Ƙasar Shanga

Duk da cewa ƙasar Shanga tana gaɓar kogin Kwara, kusa da tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, mutanenta ba su ɗauki kowane ruwa daidai da wani ba, domin a lokacin damina kogin yakan sauko fari fat da laka. Saboda haka Shangawa da Gungawa da Hausawan da ke zaune tare da su sukan fifita ruwan sama wajen sha, su bar na kogi ga wanki da wanka.

Idan hadari ya haɗo, mata da yara sukan jera randuna da duro a ƙarƙashin indararo, wato makwararar da ke zubo ruwa daga rufi, amma ba a tarbar zubin farko, sai an bari ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna. Rufin kwano ya fi dacewa da wannan aiki, domin na ciyawa yakan rina ruwan, na soro kuwa yakan haɗo shi da ƙasa. Randar sha akan rufe ta da faifai, a keɓe mata moɗa guda, abin da ya kamata a ƙara kula da shi, tun da buɗaɗɗen mazubi wurin ƙyanƙyasar sauro ne.

Hikimar ta fi bayyana a ruwan da aka riga aka yi aiki da shi. Ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen gero ko dawa, ba ya zuwa kwata, sai a zuba masa dusa a ba awaki da tumaki. Ruwan ɗauraya ana yayyafa shi a tsakar gida kafin shara, ko a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, na alwala kuma ya gangara gindin zogale ko lalle. Fiƙihun Malikiyya ya shata iyakar wannan juyi, domin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya da sabulu ko abinci ba ya alwala, ko da shi kansa mai tsarki ne, wanda kuwa najasa ta sauya ba a kai shi kusa da abinci ko wurin salla.